Shaddar da ba ta cika: abin da aka tarar a ƙarƙashin gidaje biyu a Ontariyo

Idan magini yana son faranta ran mai gida, akwai maganar da ba ya rasawa: "Alhaji, ai ka dace da wuri. Ƙasar nan shan ruwa gare ta, sokawe ɗinka sai ya shekara goma ba ka kira masu kwasa ba." Mai gida ya washe baki ya ce madalla. Ni ma an taɓa gaya mini haka, na kuma ji daɗi. Abin da ban taɓa jin waninmu ya tambaya ba shi ne inda ruwan da ƙasar ta shanye ya nufa, da abin da ya ɗauka ya tafi da shi.

Amsar da ta fi zauna mini ba daga nan kusa ta fito ba. Daga Kanada ne, daga ƙarƙashin wasu gidaje biyu na zaman iyali a lardin Ontariyo. Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa uku na Jami'ar Waterloo, Will Robertson da John Cherry da Ed Sudicky, su suka bi sawun ruwan bayan gidan mutanen nan taku bayan taku, suka wallafa abin da suka gani a mujallar Ground Water a 1991. Cherry ɗin nan shi aka bai wa babbar lambar yabo ta ruwa ta Stockholm a 2020. Amma a wancan lokacin tambayar da ke gabansu ƙarama ce a ido: shaddar gida ɗaya tak, ina iyakar ɓarnarta?

Daga tanki zuwa yashi

A karkarar Kanada, inda bututun ƙazanta na gari bai kai ba, kowane gida shi ke ji da nasa. Ruwan bayan gida da na wanka da na wanke-wanke su taru a tankin da aka binne, mai nauyi ya kwanta, maiƙo ya taso, ruwan tsakiya ya fice ta wani bututu. Har nan tafiyarmu ɗaya da su. Inda muka rabu shi ne mu rami muke zurfafawa mu bar ruwan ya nutse, su kuwa shimfiɗawa suke yi: layukan bututu masu huji-huji a kwance a kan tsakuwa, ba nisa a ƙarƙashin ciyawar harabar gida, ruwan yana ɗiga a hankali cikin faffaɗan wuri. Abin da ake so shi ne ya ratsa ƙasa mai iska kafin ya tarar da ruwan da ke kwance a ƙasa, wanda rijiyoyi ke sha.

Gidan farko yana kusa da Kambirij, ba na Ingila mai jami'a ba, wani gari ne a kudancin Ontariyo, ƙasar noma da kiwon shanu. Tsarinsa ya shekara 12 yana aiki lokacin binciken. Na biyun yana can arewa a yankin Muskoka, ƙasar tafkuna da daji inda mutanen Toronto ke zuwa hutu, a bakin kogi, kuma sabo ne, shekararsa uku. Dukansu a kan yashi suke. A duka wuraren ruwan ƙasa ba shi da nisa, kuma babu murfin yumɓu a kansa.

Kafin mu shiga ƙarƙashin gidajen, sai an san abin da ake bi. Kowane mutum yana fitar da naitirojin kimanin kilo 3 zuwa 4 a shekara, gwargwadon abin da yake ci, kuma mafi yawansa a fitsari yake, a sigar yuriya. Ita ce dai wannan yuriyar da manomi ke sayen buhunta da tsada. Idan ka lissafa, gidan mutum goma yana zuba wa shaddarsa abin da ya haura buhu guda a shekara, wani lokaci ya doshi biyu. A cikin tanki babu iska, don haka naitirojin ɗin ya koma amoniya. Ita amoniya tana da hali mai kyau a ƙasa: ƙwayoyin ƙasa, musamman na yumɓu, suna da cajin da ke jawo ta ya riƙe. Amma da zarar ta ɗiga cikin yashi mai iska, wasu bakteriya sai su far mata, su haɗa ta da oksijin, su mai da ita naitiret. Shi kuwa naitiret cajinsa irin na ƙasar ne, ture juna suke yi. Ba ya mannewa, ba ya kwanciya, ba ya ruɓewa don kansa. Inda ruwa ya sa gaba, nan ya sa gaba.

Manomin jigawa ya san wannan ba tare da ya san sunansa ba. Shi ya sa ba ya zuba yuriyarsa duka a rana ɗaya. Ya san idan aka yi ruwa mai ƙarfi takin zai sulale ƙasa ya bar saiwar masara tana hamma.

Zirin Kambirij

Masu binciken ba rijiya ɗaya suka haƙa suka ɗebi kwalba suka ce ga sakamako ba. Damin siraran bututu suka riƙa kafawa, kowane bututu a cikin damin da zurfin da bakinsa ya tsaya, layi bayan layi, daga gindin shimfiɗar bututun gidan har can cikin gona. Da haka suka iya zana siffar gurɓataccen ruwan, tsawo da faɗi da zurfi, kamar wanda ya yanka ƙasar yana kallon cikinta.

Abin da ya bayyana ziri ne. Tsawonsa ya haura mita 130, faɗinsa kuwa kimanin mita 10, kuma haka faɗin yake tun daga farko har inda suka bi shi, bai wani baje ba. Gefensa a yanke yake tsaf, ta sama da ƙasa da ta haƙarƙari. A cikinsa gishiri ya ƙaru, oksijin ya ragu, naitiret ya kai wajen ninki uku na iyakar da aka yarda a sha. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a can mita 130 daga gidan, naitiret ɗin bai ko sauko zuwa rabin yadda ya baro gida ba.

Me ya sa wannan ya zama abin magana? Saboda abin da aka daɗe ana dogara da shi, a can da nan, shi ne sirki. Mukan ɗauka ƙarƙashin ƙasa wani tafki ne, idan ka zuba kofin shuni zai baje ya ɓace. To ba haka ruwa ke tafiya a yashi ba. Rarrafe yake yi tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ba igiya, ba tambal, babu abin da zai dama shi. Ruwan shadda da ruwan saman da ya nutse a gefensa suna iya tafiya kafaɗa da kafaɗa shekara da shekaru, kamar baƙin zare a cikin farin saƙi, kowa da layinsa.

Mutanen Waterloo suna da dalilin gane wannan da wuri. A 1982 sun haɗa hannu da Jami'ar Stanford ta Amurka sun yi wani gwaji a sansanin soja na Borden, shi ma a Ontariyo: suka ɗura ruwa mai alamar gishiri cikin yashi da gangan, suka yi kusan shekara uku suna bin sa. Ya miƙe ta gaba, amma ta gefe ɗan kaɗan ya buɗe. Zirin Kambirij ya nuna cewa abin da aka gani a filin gwaji shi ke faruwa a bayan ɗakin kowa.

Yanzu ɗora wannan a kan doka. Ƙa'idar gini ta Ontariyo ta ce shimfiɗar bututun ta nisanci rijiyar burtsatse mai kyakkyawar kariya da mita 15, sauran rijiyoyi kuwa da mita 30. Kusan ko'ina a duniya za ka tarar da lambobi masu kama da waɗannan. Ba na wofi ba ne, domin an yi su ne da ƙwayoyin cuta a zuciya, su kuwa ƙwayoyin cuta yashi yana tace su, lokaci yana kashe su. A wannan ɓangaren yashin Kambirij ya yi aikinsa, ya cinye mafi yawan dattin da ke ruɓewa tun kafin ruwan ya yi nisa. Amma naitiret ba rai gare shi ba balle ya mutu. Shi ya sa masu binciken suka faɗa ƙarara cewa, a irin wannan yashi, kada a sa ran tazarar da dokokin yawancin Arewacin Amurka suka gindaya za ta kare ruwan rijiya daga gare shi.

Akwai wani abu a nan da nake ganin ya fi lambar mita muhimmanci. Tun da zirin siriri ne, rijiyar da ke mita 20 daga shadda amma a gefe tana iya zama tas, ta mita 100 da ta faɗo a kan layin kuwa ta sha. Ashe tambayar ba "nawa ne tsakaninsu" ba ce kawai, har da "ta wane ɓangare". Ruwan ƙasa yakan bi gangara ya nufi rafi ko fadama, amma daga sama ido ba ya ganin hanyarsa, kuma burtsatsen da ake ja da inji yana iya karkato da ita zuwa kansa.

Sai dai don a yi wa shaddar adalci, ba ita kaɗai ce mai laifi a Kambirij ba. Gidan a tsakiyar gona yake, gonar kuwa ta sha takin shanu da na zamani, har naitiret ɗin da ke wajen zirin ya yi kusan kai ɗaya da na ciki. To yaya za a raba na wane da na wane? Ramon Aravena da abokan aikinsa, su ma na Waterloo, suka warware wannan a 1993. Naitirojin iri biyu ne a halitta, mai lamba 14 da mai lamba 15 da ya ɗan fi nauyi, kuma kowane tushe da yadda yake cakuɗa su. Naitiret ɗin shaddar ya fi na gonar yawan mai nauyin, da wannan tambarin suka sake zana zirin. Irin wannan dabarar aka yi amfani da ita a yankin Yamai, a wani bincike da aka wallafa a 1997, aka ga cewa shaddodi suna cikin tushen naitiret ɗin da ke cikin rijiyoyin burtsatse na can. Darasin ga mai gwada ruwa shi ne, ganin naitiret a rijiya bai isa a nuna wa maƙwabci yatsa ba.

Mita biyun ƙarshe a Muskoka

A ido, yashin Muskoka da na Kambirij uwarsu ɗaya. A ɗabi'a kuwa sun sha bamban, domin duwatsun da aka niƙa aka same su ba ɗaya ba ne. Kudancin Ontariyo a kan farin dutsen nan yake da ake siminti da shi, irin na Kalambaina da Ashaka, kuma garinsa ya cika yashin Kambirij. Muskoka kuwa a kan tsohon dutse mai tauri take, ɗan'uwan duwatsun Kufena, yashinta babu wannan farin garin.

Bambancin ya fito ne a tsami. Duk lokacin da bakteriya suka mai da amoniya naitiret sai sun saki tsami. A Kambirij farin dutsen ya riƙa narkewa yana kashe tsamin, yadda kanwa ke kashe tsamin yakuwa, ruwan ya tsaya a tsaka-tsaki, sai dai ya ƙara kauri. A Muskoka babu kanwar, ma'aunin tsami ya sauko zuwa wajen 5, alhali 7 ne tsaka-tsaki, kuma kowane mataki ɗaya ninki goma ne. Ruwa ba ya tsami banza, kuma idan ya yi ba ya tsayawa nan, domin ruwa mai tsami yana narko ƙarafa irin su alminiyom da manganis daga jikin yashi. Amma ta fuskar naitiret, duka yashin biyu sun ƙera shi yadda ya kamata, duka kuma sun sake shi ya tafi a siririn ziri.

Tsakanin shimfiɗar bututun gidan Muskoka da kogi mita 20 ne. Shekara ɗaya da rabi zirin ya yi kafin ya isa, wato kamar mita ɗaya da ɗan kai a wata. Duk tsawon hanya naitiret ɗin yana nan daram. Sai a mita biyun ƙarshe, gab da ruwan zai ɓulla cikin kogin, ya ɓace kusan ƙurmus.

Abin da ke cikin mita biyun nan ba wani abin mamaki ba ne ga wanda ya taɓa zura ƙafa a bakin fadama: baƙin taɓo ne mai cike da ruɓaɓɓen ganye da guntayen itace. A cikinsa akwai wani rukunin bakteriya da, idan oksijin ya ƙare musu kuma ga abinci, sai su koma numfashi da naitiret. Su fizge oksijin ɗin da ke jikinsa, su saki naitirojin ya tashi a matsayin iska, irin wadda ta kai kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. Wannan ita ce babbar hanyar da naitiret ke ƙarewa da gaske a ƙarƙashin ƙasa. Sauran duk jinkiri ne ko sirki.

A nan ne na ga inda tsarin kansa ya yi tuntuɓe. Ana buƙatar abu biyu a jere: da farko iska, don amoniya ta zama naitiret, sannan wuri marar iska mai abinci, don naitiret ya zama iska. Ruwan shadda kuwa da abincinsa yake fitowa daga tanki, mai yawa ma. Amma a cikin yashin sama mai iska, inda ake ƙera naitiret ɗin, a nan wasu bakteriyar ke cinye abincin tas. Kafin baƙon ya sauko inda masu iya cin sa suke, an riga an siɗe tukunya. Mita 130 a Kambirij ba su yi abin da mita 2 suka yi a Muskoka ba, don kawai a can babu abin ci, a nan akwai.

To ashe laka ta fi yashi? Kada a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Gaskiya ne ƙasa mai laushi tana riƙe amoniya, tana riƙe ruwa, tana samar da ƴan lungunan da babu iska inda naitiret ke raguwa. Amma ita ce kuma ke toshewa, ƙazanta ta taso tsakar gida ko ta dawo ta bututu, kuma yumɓun da ke tsagewa da rani yana buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya kai tsaye. Gwajin da aka saba yi a can kafin a ba da izinin gini, a haƙa rami a zuba ruwa a duba agogo, saurin shanyewa kawai yake aunawa. Ƙasar da ta fi cin wannan jarabawar ita ce ta fi ƙera naitiret, ita ce kuma ta fi tura shi nesa. Jami'in da ke riƙe da agogo da maginin da ke yaba wa Alhaji, ido ɗaya suke kallon ƙasa da shi.

Dusar katako

Robertson bai tsaya a bayyana cuta ba. Ɗaya daga wuraren da ya daɗe yana bibiya shi ne Long Point, wani dogon harshen yashi da ya kutsa cikin tafkin Erie, inda akwai sansanin masu yawon hutu da babbar shadda mai ɗaukar jama'a da yawa. A can an ga naitiret yana raguwa da kansa yayin da zirin ke nutsawa, kuma binciken da shi da Aravena suka wallafa a 1998 ya nuna cewa yashin yana ɗauke da ɗan abincinsa: ɓurɓushin tsoffin tsirrai, da wani ma'adini na ƙarfe da farar wuta wanda wasu bakteriya ke iya ci a madadin. Ga yashi na uku ke nan, da hali na uku, alhali idan ka dumbuzo su a hannu da ƙyar ka bambanta.

Tunanin da ya biyo baya mai sauƙi ne: in ƙasa ba ta da taɓon bakin kogi, a yi mata. Suka cakuɗa dusar katako da ƙasa, a wasu wuraren suka shimfiɗa ta a ƙarƙashin bututun, a wasu suka haƙa rami suka tsayar da ita kamar katanga a kan hanyar zirin. A rahoton da Robertson da Cherry suka fitar a 1995, shingayen sun cire kashi 60 zuwa 100 cikin ɗari na naitiret ɗin da ya shige su a shekarar gwajin. Katangar Long Point, wadda aka binne a 1992, an ɗebo samfurinta bayan shekara 15, aka tarar tana nan tana aiki da wajen rabin ƙarfinta na farko, ba inji, ba lantarki. An kuma ga cewa a ɗumin digiri 20 zuwa 22 tana cin naitiret ninkin-ba-ninkin abin da take ci a sanyin digiri 6 zuwa 10.

Duk sanda na wuce ƴan katako na ga tulin dusa yana hayaƙi sai wannan ya faɗo mini, tun da mu ɗumi ba ma sayen sa. Amma kada wani ya ji haka ya je ya antaya dusa a sokawe, toshe shi kawai zai yi. Wurinta bayan matakin iska ne, inda naitiret ya riga ya samu, kuma dole ta zauna a jiƙe. Idan ta bushe ta sha iska, ruɓewa za ta yi ta ƙare.

Abin da ya sa ake damuwa

Naitiret ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwan da ke ɗauke da shi yana iya zama garau, mai sanyin daɗi. A 1945 wani likita a Iowa ta Amurka, Hunter Comly, ya ba da labarin jarirai biyu na gidajen gona da jikinsu ke komawa shuɗi, ya gano cewa ruwan rijiyar da ake dama musu madara da shi ne. A cikin jariri naitiret yana juyewa ya zama naitirait, ya shiga jini ya hana shi ɗaukar oksijin. A baƙar fata alamar ta fi fitowa a leɓe da harshe da farce. Ƴan ƙasa da wata shida suka fi shiga haɗari, musamman idan ga gudawa a kai.

Daga nan iyakokin da ake aiki da su suka samo asali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da miligiram 50 na naitiret a lita, haka ma ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta 2007. Amurka da Ontariyo kuwa 10 suke cewa, amma su naitirojin ɗin da ke ciki kawai suke ƙirgawa, wanda ya yi daidai da kusan 45 a wancan lissafin. Wanda ya karɓo takardar gwaji ya duba da wane ma'auni aka rubuta, domin 30 a ɗaya lafiya ce, a ɗayan kuwa ninki uku ne na iyaka. Kuma dabarun da muka saba ba su kama shi. Alim ba ya kwantar da shi, kulorin ba ya kashe shi, tsumman tata ba ya tare shi. Tafasawa ma ƙara shi take yi, don ruwan ne ke tashi ya bar shi a tukunya. Nonon uwa ba ya ɗauko shi da yawa, saboda haka jaririn da ke kan nono zalla yana cikin kariya. Wanda ake ɗura wa ruwa tun yana ɗanyen goyo, ko ake dama wa madarar gwangwani, shi ne a fili.

Idan aka juyo gida

Ba zan ɗauko sakamakon Ontariyo in kifa shi a kan Kano ko Maraɗi ba. Ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce ko a tsakaninta. Wajen Zariya da kudancin Kano ruɓaɓɓen dutse ne a sama, tsagaggen dutse a ƙasa, kuma a cikin tsaga ruwa gudu yake yi, ba rarrafe ba. Ta Gumel da Haɗeja zuwa Barno yashi ne da laka na kwarin Cadi. Jar ƙasarmu mai yawan tsatsar ƙarfe ma tana iya ɗan riƙe naitiret ta jinkirta shi, abin da yashin Kanada ba ya yi, ko da yake jinkiri ba kashewa ba ne.

Kuma ramin da muke zurfafawa yana tsallake ƙasar sama, wadda ita ce mai rai da iska. Da damina, idan ruwan ƙasa ya taso ya taɓa gindin ramin, ba ma maganar naitiret ake ba tukuna, ɗanyar ƙazanta ce ke shiga da kwalara da taifot ɗinta. Da rani ruwan ya ja baya, iska ta shiga, amoniyar da ƙasa ta riƙe ta juye, ruwan farko ya wanko ta ƙasa. Abincin da zai tare ta kuwa babu, domin ko a saman gona ƙasar yankinmu ba kasafai take kai kashi 1 cikin ɗari na ruɓaɓɓen tsiro ba, balle a zurfin gaba uku.

Sai maganar fili. Gidajen nan biyu na Ontariyo kowanne shi kaɗai ne a sararinsa, da ƴan mutane kaɗan a ciki. Fulotinmu na ƙafa 50 da 100 mita 15 ne da 30. Ko da ka kai rijiya wannan kusurwa ka kai shadda waccan, tsakaninsu bai wuce mita 34 ba, kuma kusurwar da ka zaɓa wa rijiyarka mai yiwuwa ita maƙwabcin bayan katanga ya zaɓa wa shaddarsa. Da zirin Kambirij a unguwarmu yake, ya bi layi ta faɗin fuloti, da ya ratsa ƙarƙashin gida takwas ya shiga na tara da fiye da rabin ƙarfinsa, kuma a kowane gida da ya wuce akwai wata shaddar da ke ƙara masa, da wata gugar da ke sauka kansa da asuba.